Mashigin Yawuri: Daga Ayarin Goro Zuwa Tafkin Kainji

Birnin Katsina ba shi da kogin da ake fito. Yaron da aka haifa a Kambarawa zai iya girma har ya yi furfura bai taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba, domin ruwan da ya sani bai wuce na rijiya da kududdufi da famfo ba. Amma mafi yawan goron da aka raba a wajen ɗaurin aure ko raɗin suna a birnin nan kafin zuwan Turawa, sai da ya hau jirgi kafin ya iso. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. A kurmin Asante ake tsinkarsa, a kai shi kasuwar Salga ta ƙasar Gwanja, kuma tsakanin Salga da Katsina ga kogin Kwara nan kwance, babu gada ko ɗaya a kansa. Ɗaya daga cikin manyan wuraren da fatake ke tsallake shi ita ce Yawuri, wadda a yau take kudancin jihar Kebbi. Abin da tarihin garin yake nunawa shi ne, fito kamar murhu yake, ba ya ɗaukar tukunya sai da duwatsu uku: wanda ya san ruwan, da wanda yake da ikon hana jirgi tashi, da kuɗin da ruwan yake kawowa. A zamanin ayari ukun nan a ƙasa ɗaya suke zaune, suna ganin juna. Shekaru ɗari da 'yan kai da suka biyo baya sun ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kuma jiragen da ke kifewa da 'yan kasuwa a wannan yanki yau, daga wannan rabuwa suka samo asali.

Sai an fahimci halin kogin a wannan wuri kafin a gane abin da ya sa gari ya kafu. Daga Gaya zuwa Yelwa ta Yawuri ruwan yana tafiya a shimfiɗe, jirgi na iya bin sa idan ya cika. Daga Yelwa zuwa kudu kuwa, kafin a yi madatsar Kainji, sai ya shiga duwatsu, ya rarrabu, ya kewaye tsibirai masu yawa da ake kira gungu, ya riƙa gudu da ƙarfi har ya wuce Busa. Ga shi kuma sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa mai laka, wanda ruwan saman yankin yake kawowa a ƙarshen damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso Yawuri garau a tsakiyar hunturu, lokacin da rafukan ƙasar Hausa suka ƙafe. Mutanen da suka zauna a gungu, waɗanda Hausawa ke kira Gungawa, su kuma suke kiran kansu Reshe, sun tsara rayuwarsu a kan wannan zuwa da komawa. Tare da su akwai Lopawa da Larawa da Shangawa, a tudu kuma Kambari da Dukkawa. Daga baya Sarkawa suka gangaro daga wajen Kabi da manyan jiragensu da taru da mashin farautar dorina. Waɗannan su ne suka san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, da watan da mashigi kaza yake buɗewa, da iskar da ba a fita a cikinta. Ilimi ne da ba a rubuta ba, ɗa yake ɗauka a wurin ubansa yana riƙe da gora.

Sarauta kuwa a tudu ta zauna, a Birnin Yawuri, 'yar tafiya kaɗan daga bakin kogi. Yawuri tana cikin ƙasashen da aka lasafta a Banza Bakwai, kuma ruwayoyin baka na masarautar suna danganta gidan sarautarta da Hausawan da suka zo daga ƙasar Katsina suka zauna cikin Gungawa. A ƙarni na 16 ta shiga ƙarƙashin Kanta na Kabi, ta daɗe tana kai gaisuwa can. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya fara bincikensa da tarihin Yawuri kafin ya rubuta littafinsa a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978, ya nuna yadda fatauci, fiye da yaƙi, ya kai Hausawa da harshensu bakin Kwara har suka tsallake. Wannan ya sa mulkin Yawuri ya bambanta da na Kano ko Zazzau. Sarkin da dukiyarsa take gona da hurumi yana iya tilasta talaka da doki. Doki kuwa ba ya shiga gungu. Sarkin Yawuri yana da ganuwa da mahaya da fada, amma ba shi da yadda zai yi ya tsallakar da jaki ɗaya sai mutanen ruwa sun yarda. Su ma mutanen ruwa, ba su da yadda za su jawo ayari ya biyo ta wajensu sai da sarkin da zai tsare hanya, ya raba gardama, ya hukunta ɓarawo. Kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ba zai iya ƙwacewa ba, dole aka zauna da juna.

A duba yadda ranar fito take. Ayari ya taso daga Katsina ko Kano bayan girbi, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da turkuɗi da rigunan saƙi da jemammun fatu da gabu. Jagaba yana gaba, madugu yana tsakiya, malamin ayari yana riƙe da lissafi da addu'a. Da sun sauka zango, madugu zai aika gaisuwa fada, sannan a zauna cinikin kuɗin fito, kaya kaza wuri kaza, dabba kaza wuri kaza, kuma cinikin kan ɗauki kwanaki. Idan an daidaita sai a sauko kwata da sassafe kafin iska ta tashi. A kwance mangala, a jera kaya a tsakiyar jirgin da aka fafe daga gungumen itace, mata su zauna a kan kayan, a ɗaura wa dabba igiya a jawo ta cikin ruwa tana iyo a gefe, wani yana riƙe da kanta don kada ta nutse. Jirgi ya je ya dawo, ya je ya dawo, har a kwashe ayarin. A dawowa abin ya fi tsanani, domin goro ba ya jira. Yana naɗe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana buɗe huhu lokaci lokaci a tsince mai sankara kada ya ɓata sauran. Kowace rana da aka ɓata a bakin kogi asara ce. Tafiyar Gwanja da dawowa takan ci wata shida har zuwa shekara, ta Nikki da Jugu da Yandi, saboda haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka shahara da wannan fatauci, ba sa wasa da zaɓen mashigi.

Turawan da suka fara ratsa yankin sun bar shaidar ƙarfin wannan tsari, ko da ba shi suka zo dubawa ba. Mungo Park ya gangaro da jirginsa daga ƙasar Bambara a ƙarshen 1805, ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Jagoransa, Amadi Fatuma, wanda ya rabu da shi a Yawuri, ya ba da labarin cewa Park ya bar kyautar sarki a hannun wani mai garin bakin kogi, shi kuwa ya danne ta, sarki ya ɗauka baƙon ya wuce ba tare da ya biya haƙƙin ruwa ba, aka tura mutane su tare shi. Ko a wannan ruwaya kaɗai ana ganin cewa wucewa a kan Kwara ba gaisuwa laifi ne babba. Bayan shekara ashirin, a 1826, Hugh Clapperton ya haɗu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Borgu suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta su sama da mutum 1,000 da dabbobi kusan haka. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Birnin Yawuri neman takardun Park, sarki ya riƙe su makonni, kuma da suka koma Busa sai da suka yi ta zarya tsakanin sarakunan Busa da Wawa kafin su sami jirgin da suka gangara da shi har teku. Baƙo da bindigarsa da takardar gwamnatinsa bai iya motsawa a kan ruwan ba sai da yardar masu shi.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙawata zamanin da ne, kuma yana da hujja. Kuɗin fito sau da yawa ƙwace ne da aka sa wa riga. Sarakunan hanya sukan tsare ayari da gangan don su tatse shi, kuma jiragen da suka ɗauki goro su ne suka ɗauki bayi, cikinsu har da 'ya'yan Kambari da Dukkawan da aka kamo a ƙasar Yawurin kanta. Babu mai hankalin da zai yi fatan komawa can. Sai dai maganar da ake yi a nan ba ta adalcin sarakuna ba ce, ta inda amfaninsu yake ce. Yawuri ba ita kaɗai ke da mashigi ba. Akwai Ilo da Gaya a arewa, akwai na Busa da Wawa a kudu, akwai Raba a ƙasar Nupe. Labari kuma yana gudu a zango fiye da doki. Idan jirgi ya kife da kayan madugu saboda an cika shi, ko aka tsawwala kuɗi fiye da kima, baɗi ayarin zai bi wata hanya, fada ta rasa gaisuwa, masu jirgi su rasa fito, mata masu tuwo da fura a zango su rasa ciniki. Wanda yake karɓar kuɗin shi ne wanda zai fara jin zafin asara, kuma yana da ikon tsawata wa mai jirgi nan take. Tsoron rasa baƙo ya yi aikin da tausayi bai yi ba.

Ƙarni na 19 ya gwada wannan tsari ƙwarai. Da jihadin Shehu Usmanu ya tashi, Sarkin Yawuri Muhammadu Albishir ɗan Ayi ya yi mubaya'a, aka bar masa ƙasarsa bisa amana a ƙarƙashin Gwandu, don haka Yawuri ta kasance cikin 'yan masarautun da gidan sarautarsu na Hausawa bai faɗi ba. Katsina kuwa ba ta tsira haka ba. Yaƙe-yaƙe tsakaninta da Maraɗi sun kori attajirai da yawa zuwa Kano, har Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar da fili mai yawa babu kowa a cikin ganuwarta a 1851. Goron dai bai daina bin Kwara ba, masu saye ne suka sauya gari. Abin da ya durƙusar da Yawuri daga cikin gida ya fito. Tun daga wajen 1844 'ya'yan sarki suka shiga rikicin gadon sarauta, sannan Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, ya kafa Kwantagora a gabas, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta cin ƙasar da yaƙi da kamun bayi. Birni ya watse. Abin lura shi ne inda sarauta ta gudu da ta rasa tudu: cikin kogi ta shiga, ta fake a gungu, inda dawakin Kwantagora ba sa kaiwa. Da Abdullahi Abarshi ya hau gado a 1888, bai koma tsohon birni ba, Yelwa ya zaɓa, a bakin ruwa. Masarautar ta rasa garuruwa da gonaki, amma ta rayu saboda mashigin bai fita hannunta ba.

Turawan mulki su ma da jirgi suka fara. A watan Oktoba na 1898 wani hafsan Ingila, Laftana Keating, ya fita daga sansaninsu na Yelwa zuwa wani gungu don ya karɓi jirage da ƙarfi, mutanen gungun suka kashe shi da mafi yawan sojojinsa, aka kuma mayar musu da martani mai tsanani. Bayan an ci ƙasa, gwamnatin Lugga ta ɗora nata harajin a kan ayari, kuɗin da a da yake tsayawa a fada ya koma baitulmalin Turawa, har aka soke harajin a 1907. A 1915 kuma suka tuɓe Sarkin Yawuri Jibrilu da Sarkin Busa Kitoro Gani, suka ɗora wani Aliyu wanda ba ɗan gidan ba, suka sa Busa a ƙarƙashinsa. Busawa suka yi tawaye a wannan shekara bisa jagorancin Sabuki, kuma sarautar Yawuri ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Amma duk wannan bai kai illar da teku da dogo suka yi ba. Tun da Ingila ta ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan Salga ya ragu, yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, goro ya fara bin jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Legas. Dogo ya iso Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a 1916, Yarbawa kuma suka fara dasa irin goron Gwanja a ƙasarsu. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka koma sabuwar hanya. Babu wanda ya hana fito a Yawuri, ayari ne kawai ya daina zuwa, kuɗin nesa ya ƙafe.

Garin bai mutu ba, ya koma cin abin da ke kusa da shi. Gungawa manoman rani ne tun kafin a san injin ban ruwa. Da ruwa ya ja baya sai su gyara fangali a kan lakar da ya bari, su dasa albasa, mutum ya tsaya a bakin ruwa da ƙwarya yana ɗiba yana watsawa daga safe har rana ta take, ga gero da dawa da shinkafa a damina. Sarkawa suna kama giwan ruwa da yauni da tarwaɗa da ƙurungu, mata suna banda, fatake suna lodawa zuwa birane. Ranar kasuwar Yelwa kwata takan cika da jirage daga ƙetare, Bagunge da Bakambare da Banufe da Bayarabe da Bafulatani kowa da harshensa, ciniki kuwa da Hausa. Ta wannan hanya ce da yawa daga cikin Gungawa suka musulunta, suka koma kiran kansu Yawurawa, abin da wani mai bincike, Frank Salamone, ya yi nazari a kansa a shekarun 1970, tare da kokawar Gungawa wadda samari ke nuna ƙarfi da ita. Bikin Rigata da masarautar ke yi yanzu, inda ake tseren jirage da wasannin ruwa, ana danganta asalinsa da jarumtar mutanen gungu wajen fuskantar dorinar da ke ɓarna. Kuɗin nesa ya tafi, iko ya raunana, amma sanin ruwa yana nan daram, domin kogin da kaka ya sani shi ne wanda jika yake tuƙi a kai.

Madatsar Kainji ita ta taɓa wannan na ƙarshe. An aza harsashinta a 1964 a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka toshe kogin a 1968, lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 da faɗin ƙasa sama da murabba'in kilomita 1,200, kansa na arewa yana wajen Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Mafi yawan babban gungun Foge ya nutse, da wasu gungaye masu yawa, da wani sashe na Yelwa. Kimanin mutum 44,000 aka tasa. An gina musu gidajen siminti masu rufin kwanon asbestos a tudu, a jere, waɗanda mutane da yawa suka yi kukan zafinsu da rana da sanyinsu da dare, har wasu suka gina ɗakunan ƙasa a gefe. Wanda aka biya shi diyyar ɗaki da bishiya ba a biya shi diyyar laka ba, ita ce kuwa dukiyar. Fadamar da kogi ke sabunta wa taki kowace shekara kyauta ta koma ƙarƙashin ruwa, manomin albasa ya tsinci kansa a kan jigawa, nesa da bakin ruwan da yanzu yake ja da baya yana dawowa gwargwadon buƙatar injinan lantarki.

A nan ma akwai hujjar da ba a yi mata gaggawa. Kainji tana da ƙarfin megawat 760, ita ta ɗauki nauyin wutar Nijeriya shekaru masu yawa, masaƙun Kaduna da Kano sun yi aiki da ita, kuma tun shekarun 1970 ake tura wa Jamhuriyar Nijar wani kaso ta Birnin Kebbi. Tafkin ya kawo kifi mai yawa a shekarun farko, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, aka kafa cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa. Gungawa da yawa sun koyi noman bakin tafki idan ruwa ya janye, daga baya injin ban ruwa ya sauƙaƙa abin da ƙwarya ke yi. Ƙasa ba za ta zauna cikin duhu don albasar gungu ba. Duk wannan gaskiya ne, amma bai taɓa gundarin maganar ba. Ba a ce kada a yi madatsa ba. Tambayar ita ce ina kuɗin ruwan ya koma. Kogin Kwara bai taɓa samar da dukiya kamar yadda yake samarwa tun 1968 ba, sai dai dukiyar ta bi waya ta tafi, kuma ƙauyuka da yawa na waɗanda aka tasa sun yi shekara da shekaru suna ganin wayar ba su ga wutar ba. Kifin ma ya ragu kafin ƙarshen shekarun 1970, har sai da aka kawo wani shirin haɗin gwiwa da Jamus a shekarun 1990 don a tsara kamun, a hana tarun da ke kwashe warangi tare da 'ya'yan manyan kifaye. Hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, sai a 2010 aka yi dokarta, kuma sai bayan wasu shekara goma ta fara aiki.

Tafki kuma ba kogi ba ne, ko da ruwan ɗaya ne. Mashigin da a da ake tsallakewa daga gungu zuwa gungu, ana hango gaɓa, ya zama fili mai faɗin kilomitoci inda iska ke tayar da igiyar ruwa kamar ta teku. Itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya hau suna nan tsaye a ƙarƙashi, kututturansu suna jiran cikin jirgi idan ruwa ya yi ƙasa. Kainuwa ta zo ta toshe wasu hanyoyin. Jirgin ma ya sauya, ya zama dogon na katako da aka haɗa da ƙusa, an ɗaura masa inji a baya, yana ɗaukar mutane da buhuna da babura da awaki a tafiya ɗaya. Ilimin da aka gada na dutse kaza da mashigi kaza bai ƙara yin daidai da wurin ba, sabon ilimin kuwa da rayuka ake sayensa. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 a ciki, da yawansu mata da yara. Ya tarwatse a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ba shi ne na farko ba a wannan yanki, an kuma yi wasu bayansa.

Duk lokacin da haka ta faru magana biyu ake ji. Jami'i ya ce ganganci ne, an yi lodi fiye da kima, an ƙi sa rigar kariya. Dangi su ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mumini ba ya jayayya da ƙaddara, amma addinin da ya koyar da ita shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Gangancin ma akwai shi, sai dai a tambaya me ya sa yake maimaituwa. Mai jirgi yana sayen man fetur da tsada, fasinjansa talakawa ne, kasuwa kuma sau ɗaya take ci a mako. Idan ya bar mutum ashirin a kwata, ya yi asara, su ma sun yi asarar mako guda, kuma su ne za su roƙe shi da Allah da Annabi ya ɗauke su. Hanyar mota ko babu ita, ko ta zagaya nesa, ko tana da 'yan bindiga, kamar yadda sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ya tuna wa kowa. A irin wannan hali kowa yana da dalilin cewa a ƙara mutum ɗaya, babu wanda abincinsa ya dogara a kan ya ce a'a. A zamanin ayari akwai wannan mutumin, kuma yana tsaye a kwata.

Yau ikon yana nesa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa da dokar 1997, hedikwatarta tana Lakwaja, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa hurumin hanyoyin ruwa na tarayya ne. Dokokinta masu kyau ne: ba tafiyar dare, ba lodi fiye da kima, kowa ya sa rigar kariya. Amma kwatoci sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba. Tun 1991 kuma, da aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka mayar da Borgu jihar Neja, jirgin da ya taso daga Agwara zuwa kasuwar Yawuri yana barin wata jiha ne ya shiga wata, kowace tana iya cewa alhakin na ɗayar ne. Wasu suna ganin gada tsakanin Zamare da Rofiya, wadda aka daɗe ana roƙo, ita ce maganin komai. Gadar za ta yi amfani ƙwarai, kuma tsoron cewa za ta kashe sana'ar masu fito bai isa dalilin hana ta ba. Amma gada wuri ɗaya take haɗawa da wuri ɗaya. Ƙauyukan da ke warwatse a gaɓar tafki mai tsawon kilomita 130 za su ci gaba da hawa jirgi ko an gina ta.

Saboda haka gyaran da tarihin Yawuri yake nunawa ba mai wuyar faɗi ba ne. A kowace kwatar da ake lodin kasuwa a sami mutum ɗan wurin, daga cikin sarakunan ruwa da shugabannin masu jirgi, wanda doka ta ba shi ikon ƙirga fasinja da hana jirgi tashi, wanda ake biyansa albashi ba daga aljihun mai jirgi ba, wanda kuma zai amsa tambaya a gaban masarauta da hukuma idan aka yi asarar rai. A ware wani kaso tabbatacce daga kuɗin wutar Kainji don biyan waɗannan mutane, da cire kututture, da sa alama a hanyoyin ruwa, da tallafa wa masu jirgi su yi sawu biyu ranar kasuwa maimakon ɗaya. Jihohin Kebbi da Neja su riƙe tafkin da rajista ɗaya ta jirage. Rabon rigunan kariya bayan kowane haɗari, da jawabin ta'aziyya, an gwada su shekara da shekaru, ba su hana na gaba ba. Mutanen gungu sun ba da ƙasarsu a 1968 don sauran Nijeriya su sami haske, kuma duk wanda ya kunna fitila daga wannan waya, a Legas yake ko a Kano ko a Yamai, bashin yana kansa. Mafi ƙarancin biyansa shi ne matar da ta ɗauko buhun albasa zuwa kasuwar Yelwa ta koma gida da yamma.